Sake Ɗaura Babban Injin Zarto Domin Tsaga Katako: Nazari Kan Yanayin Aiki a Ƙasar Auna

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke sa babban injin zarto na hannu ya sake bugawa jim kaɗan bayan an fito da shi daga hannun makanike, idan aikinsa tsaga katako ne. An ɗauki ƙirar Stihl 070 a matsayin abin misali, ƙasar Auna kuma a matsayin fagen aiki. Matsayin maƙalar shi ne, sauya fistan da ringi kaɗai maganin alama ne. Cutar tana wajen shigar iska ta ɓarauniyar hanya, da ƙura, da gaurayen mai, da yadda ake wasa sarƙa.

1. Gabatarwa

Auna na cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, a masarautar Kontagora, gabas da tafkin Kainji wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968. Daji ne na doka da maje da kawo da maɗaci da kirya, ga kaɗanya da ɗorawa a cikin gonaki. Kafintoci da masu rufin ɗaki da masu haɗa kwale-kwale duk katako suke nema, ɗaukar gungume ɗungurungum zuwa babban injin tsaga kuwa sai da mota da hanya. Shi ya sa, kamar a sauran dazuzzukan Afirka ta Yamma, ake kai inji wurin itacen, a tsaga shi nan inda ya faɗi, a ɗauko falankai da tu-bai-fo a ka ko a babur.

Injin da ya fi shahara a wannan aiki a Nijeriya shi ne Stihl 070, na kamfanin Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926. Girman silindarsa kimanin sisi 106 ne, faɗin fistan milimita 58, ƙarfinsa doki shida da rabi. Tsohuwar ƙira ce mai sauƙin kwancewa, kuma kayan gyaranta, na asali da na kwaikwayo, sun cika kasuwa.

2. Hanyar Nazari

Nazarin ya dogara ne kan ƙa'idojin da masana'anta ke bayarwa, da rubuce-rubucen fannin irin su littafin Will Malloff na 1982 kan tsaga katako da injin hannu, da kundin da cibiyar Tropenbos ta fitar a 2010 kan wannan sana'a a ƙasashe masu zafi, sai kuma lissafi da mai karatu zai iya maimaitawa da kansa.

3. Inda Inji Ke Bugawa

Kayar da itace aiki ne na ɗan gajeren lokaci, inji ya yi ruri ya huta. Tsaga kuwa bin tsawon itace ne: ƙafa 12 a kowane yanka, maƙura a buɗe har ƙarshe, minti bayan minti. Ƙaramin lahanin da mai sare itace zai shekara bai lura da shi ba yana iya kashe injin mai tsaga a wuni guda.

Irin wannan inji ba shi da tankin baƙin mai na shafe cikinsa. Man da ke shafe fistan da boris yana shiga ne gauraye da fetur, ta cikin akwatin kiranshaf. To, idan sil ɗin da ke gefe biyu na kiranshaf ya bushe ko ya tsage, ko gasket ya saki, iska za ta kutsa ba ta kafireto ba. Fetur ya yi ƙaranci a cikin gaurayen, mai ya ragu tare da shi, zafi ya hau. Abin takaicin shi ne, a wannan hali injin kan yi kuka mai kaifi, har mai shi ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru, alhali ajali ne ke matsowa.

Fistan da ya lalace yana ba da labarin abin da ya kashe shi. In aka cire salansa aka leƙa, aka ga zane-zane a tsaye ta ɓangaren fitar hayaƙi, ringi ya maƙale cikin raminsa, zafi ne da ƙarancin mai. In kuwa ɓangaren shigar mai ne ya siɗe ya dushe, ƙura ce ta wuce matatar iska, abin da ya fi tsanani daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke haɗuwa da garin katako. Makaniken da ya jefar da tsohon fistan bai karanta shi ba ya jefar da shaida.

Saboda haka ɗauri na gaskiya daga ƙasa yake farawa. A raba akwatin, a sauya boris da sil da gasket, sannan kafin a tayar da inji a toshe mashigar mai da mafitar hayaƙi, a hura iska har matsinta ya kai rabin bar, a ga ko allurar ma'auni za ta tsaya; a sake gwadawa da zuƙo iskar, domin wani sil ɗin ba ya nuna aibinsa sai an zuƙa. Silinda ta asali kuma ba a gaggauta yar da ita. Sau da yawa abin da ake gani a bangonta sanholon fistan ne da ya narke ya manne, ana kankare shi a hankali, kuma silindar da aka ceto haka takan fi sabuwa ta jabu daɗewa.

Akwai 'yar fiffiken da iskar fanka ke turawa a cikin 070, wadda ke hana inji wuce iyakar gudunsa. Cire ta don neman ƙarin sauri ganganci ne. Haka ma allurar kafireto ta babban gudu: a aikin tsaga gara a sake ta kaɗan fetur ya wadata. Tazarar bakin fulogi rabin milimita ce.

Game da gauraye, ƙa'idar kamfanin ita ce mililita 20 na mansa na musamman a kowace litar fetur. Tsofaffin littattafansa sun ce a ninka zuwa 40 idan wani man ne. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane ɗigo ya zama abin lissafi, amma tsimin mai a nan kuɗin fistan ne ake tarawa. Ƙonannen baƙin man mota da ake zuba wa sarƙa shi ma yana ɗauke da garin ƙarfe, ga shi ba ya kama jikin sarƙa.

4. Sarƙa da Asarar Itace

Sarƙar da ke zuwa daga kasuwa an wasa haƙoranta a kusurwar digiri 30, don yanka a gicciye. Tsaga na buƙatar kimanin digiri 10. Wasu masu aiki kan goge 'yan tuddan da ke gaban haƙora da magagari don sarƙa ta ci da yawa. Tana ci kuwa, amma tana fizga, ta gajiyar da boris, ta kauce wa layin da aka buga da igiya.

A ɗauki gungumen da aka daidaita shi ya zama milimita 300 a faɗi, ana son falankai masu kaurin 25. Zarton bel na babban injin tsaga, mai cin kimanin milimita 3, zai fitar da 10. Sarƙa mai cin 9 za ta fitar da 9. Idan farantin da sarƙa ke bi ya karkace ko haƙora ba su daidaita ba, har asarar kowane yanka ta kai 14, falankai 8 za a samu. Ƙarin milimita 5 ke nan ya cinye falanki guda cikin tara. Firam ɗin ƙarfe da ake ɗaure wa faranti, irin wanda kamfanin Granberg na Amurka ke ƙerawa, yana rage wannan kaucewa, kuma mai walda zai iya haɗa makamancinsa.

5. Batun Doka

Itacen madobiya ya shiga jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, a Janairun 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Taron yarjejeniyar da aka yi a Panama a 2022 ya ƙara kawo da maɗaci na Afirka a jerin. Yarjejeniyar ta shafi fitarwa ƙetare ne. Sara a cikin gida yana ƙarƙashin dokar gandun daji ta jiha, kuma haramun ne ɗungum a Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, har da ɓangarensa na Zugurma. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin hannu tun 1998, sana'ar ba ta mutu ba, sai dai ta koma ɓoye. A ganin wannan marubuci, ya fi amfani a haɗa lasisi da horo kan gwajin iska da wasa sarƙa, ta hannun cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda kwalejinta ta kula da namun daji ke New Bussa, tsallaken tafki daga ƙasar Magama.