Gani Odutokun da Tarihin Zanen Zamani a Zariya



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu waiwayi rayuwar wani gwanin zane da ya yi zamani a Zariya, mu ga abin da aikinsa ya faɗa game da mulki a ƙasarmu.

Zane ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa magina suna ƙawata bango da dagi, masu ɗinki suna yi wa riga aska takwas, marina da dukawa kuma kowa da nasa ado. Abin da ya zo daga baya shi ne zane da fenti a kan ƙyalle, wanda ake ratayewa a zauren nuni jama'a su zo kallo. Wannan ya kafu a Zariya bayan da aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan a 1955. A 1958 waɗansu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya da nufin auren dabarun Turawa da adon gargajiya. Kwalejin tasu ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A wannan gida Gani Odutokun ya tashi. An haife shi a 1946 a Nsawam ta ƙasar Gana, iyayensa kuwa Yarbawa ne mutanen Offa. Ya sami digirin farko a 1975, na biyu a 1979, ya ci gaba da koyarwa a nan. Ya shahara da tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, sa'an nan ya fitar da siffofi daga inda ruwan ya bi.

Amma muhimmancinsa ya wuce dabara. A zamanin mulkin soja, sa'ad da ake tsare 'yan jarida, ya yi jerin zane a kan wani sarki, ciki har da wanda sarkin yake raha da janar-janar ɗinsa. Bai kama sunan kowa ba, amma mai hankali ya gane inda aka dosa. Wato habaicin da mawaƙa suka saba yi da baki, shi ya yi da launi.

A watan Fabrairun 1995 ya rasu a haɗarin mota, suna komowa daga wani nunin zane a Legas. A wannan shekara aka nuna aikinsa a zauren Whitechapel na Landan.

Daga ƙarshe, ina kira ga ma'aikatun al'adu na jihohinmu da su tanadi wuraren adana irin waɗannan ayyuka. Ɗalibin da ya taso daga Kauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya cancanci ya ga wannan tarihi a ƙasarsa, ba sai ya ƙetare teku ba.