Ikko: Abin da Malam Ya So Mu Gane

Lokacin da muke aji uku, Malaminmu na Tarihi ya sa mu haddace shekarar 1861. Mun haddace ne don tsoron bulala, ba don mun san amfaninta ba. Sai da aiki ya kai ni Ikko na kwana biyar, na sami sarari na zaga garin, sannan na gane abin da yake ta ƙoƙarin cusa mana.

Na fara da tsakiyar tsibirin, inda fadar sarkin garin take, wadda ake kira Iga Idunganran. Yarabawa Eko suke ce wa wurin, daga nan muka samo Ikko. Sunan Legas kuwa 'yan Fotugal ne suka raɗa. A watan Disamba na 1851 jiragen ruwan Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka ɗora Akitoye, bisa hujjar hana cinikin bayi. Ran 6 ga Agusta 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Ta wannan ƙofa mulkin mallaka ya shigo, ya yi ta matsowa har ya ci Kano da Sakkwato a 1903.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwai mutanenmu a ciki tun farko. A 1863 Laftanar Glover ya tara 'yan Arewa 18 ya koya musu aikin bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover, kuma daga kansu Rundunar Sojan Nijeriya take ƙirga asalinta. Abin alfahari ne ta wani ɓangare, amma kada mu manta da irin waɗannan sojoji Turawa suka ci ƙasarmu da yaƙi.

Bayan na yi azahar a Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, sai na gangara bakin ruwa a Marina. Daga nan ana hango manyan jiragen ruwa a tashar Apapa. Zuwa 1912 jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, saboda haka dalar gyaɗar da muke gani a hotuna, da auduga, da fatu, yawancinsu ta Ikko suka fita zuwa Turai. Ina tsaye ina kallo, na tuna kakana manomin gyaɗa, wanda har ya rasu bai taɓa ganin teku ba, alhali guminsa ya sha ƙetare shi.

Washegari na je Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ran 1 ga Oktoba 1960. Kusa da shi akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a Onikan, wanda aka kafa a 1957. Na ga kayan tarihin Nok, da na Ife, da na Binin. Amma inda na daɗe shi ne gaban baƙar marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, ga hudojin harsashi a jikinta. Allah ya jiƙansa.

Gwamnati ta koma Abuja a 1991, amma Ikko ba ta yi sanyi ba. Ga cunkoso, ga ciniki, ga 'yan'uwanmu cike da kasuwar Mile 12 da Agege.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara: cikin abin da muke tarawa duk shekara, a ware wani abu a riƙa kai ɗaliban da suka yi fice a Tarihi su ga waɗannan wurare da idonsu. Gani ya kori ji. Malam kuwa, in wannan mujalla ta iso gare ka, Allah ya saka da alheri. Karatun ya shiga, ko da ya makara.