Gandu, Tanko, da laifin da aka ɗora wa uwa

A arewacin ƙasar Zazzau, daga Ikara zuwa Maƙarfi da Kudan, tsohon ma'aunin arzikin gida shi ne yawan hannuwan da ke riƙe da fartanya. Gandu, wanda M. G. Smith ya nazarta a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, tsari ne na uba da 'ya'yansa maza: a yi noma tare, a ci daga rumbu ɗaya, uba ya biya haraji, ya yi wa ɗa auren fari. 'Ya mace kuwa gidan wani za ta, kuma fadamar rake ba ta nomuwa da mutum ɗaya. Nan son ɗa namiji ya samo tushe, har ya bar sawu a suna, domin yaron da ya biyo bayan mata shi ake kira Tanko. Wannan lissafin noma ne, ana iya fahimtarsa. Abin da bai taɓa samun hujja ba shi ne a ce wance ba ta haihuwa sai mata, a yi mata kishiya a kan haka.

Tun 1905 Nettie Stevens ta Amurka ta gano, a jikin wani ƙwaro, cewa bambancin namiji da mace yana tafe ne daga maniyyi. A mutum, da saniya, da akuya, ƙwan uwa kullum ƙunshin gado na X yake ɗauke da shi. Maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. A 1990, a Landan, Andrew Sinclair da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gado mai suna SRY a kan Y. Wajen mako na bakwai na ciki takan tayar da wata, SOX9, sai a fara gina 'ya'yan maraina. In babu ita, halitta ta bi hanyar mace. A 1991 aka saka ta a ɓera mai XX, wato mai gadon mace, ya fito da surar namiji. Kaza dai daban take, a wurinta uwa ce mai bambantawa, amma ba kaza aka aura ba.

Wani zai ce ya ga mutumin da uwargidansa ta jera mata biyar, amarya na zuwa ta haifi namiji. An gani, amma bai nuna komai ba. Kowane ciki kusan rabi da rabi ne, don haka a gidaje 32 masu 'ya'ya biyar, sai a sami kamar ɗaya duk mata, kuma da uwargidan ce ta yi ciki na shida, damarta da ta amarya ɗaya ce. To a mayar da laifin kan miji? Shi ma ba ya zaɓa, domin maniyyinsa kusan rabi X ne, rabi Y. Masu cewa daga Allah ne sun fi kusa da abin da madubin bincike ya nuna, sai dai akan tuna da haka ranar sunan Tanko fiye da ranar sunan yayyensa mata.