Ciwon suga nau'i na ɗaya a yankin Paraku da Jugu

Ciwon suga nau'i na ɗaya cuta ce da ke samuwa idan jiki ya daina yin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa ƙwayoyin jiki. A mafi yawan lokuta garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da shi a fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi. Ciwon ya fi kama yara da matasa, kuma ba ƙiba ko shan zaƙi ke jawo shi ba. Mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin kullum. An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, a hannun Frederick Banting da Charles Best, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a Janairun 1922. Wani ƙiyasi da aka buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 8.4 ke ɗauke da cutar a duniya a 2021.

Alamunta su ne yawan fitsari, ƙishirwa mai tsanani, rama duk da cin abinci, da fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina. Wasu iyaye kan lura da tururuwa na taruwa inda yaro ya yi fitsari. Idan aka yi jinkiri, jini kan gurɓata, sai amai da ciwon ciki da numfashi da ƙarfi, daga nan a suma. Nan ne babbar matsalar take a arewacin Jamhuriyar Benin, domin yaron da aka kawo a sume an fi zaton zazzabin cizon sauro ne ya hau masa kai, wasu kuma su ce iska ce. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya raba gardama, in akwai na'urar awo a asibitin ƙauyen.

A ɗauki misalin Partago: gunduma ce ta karkara a ƙaramar hukumar Jugu, babban birnin jihar Donga, garin da fatake Hausawa suka daɗe suna yada zango a cikinsa kan hanyar goro ta Gwanja. Mara lafiya daga can kan fara zuwa Jugu, inda asibitin Ordre de Malte yake, in abin ya yi tsanani a tura shi Paraku. Can akwai asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, da tsangayar likitanci ta Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001. Bayan gano cutar, sai kuɗin insulin da allura da tsinken awo, wata bayan wata, ga kuma zafi: ana son ajiye insulin tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda babu firji, a kan sa shi cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi, kuma gwaje-gwaje sun nuna dabarar tana rage zafi sosai.

Bincike a Afirka ya fara nuna cewa abin da aka sani daga Turai bai isa ba. Wani nazari da ya fito a 2025, kan matasa a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, ya gano kusan kashi 65 cikin ɗari ba su da alamun farmakin garkuwar jiki a jininsu, alhali jikinsu ba ya samar da insulin yadda ya kamata. Wannan na nufin akwai wani salon cutar da ba a fayyace musabbabinsa ba, kuma fayyace shi na bukatar rajistar masu cutar da ɗakunan gwaji a biranen da ke da makarantar likitanci, irin Paraku.

Ana wayar da kai kan ciwon suga ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, wadda aka ware tun 1991. A yankin Jugu saƙon ya fi isa idan ya zo ta rediyo da masallaci da kasuwa, cikin Dendi da Yom da Fillanci da Hausa, domin Faransanci bai cika kai wa ga uwar da ke ƙauye ba.