Shin Dabba Ta San "Irinsa"?

A Gaoui, garin Kotoko da ke kusa da Injamena, mata ne ke ginin tukwane, tsohuwar fadar sarki kuma ta zama gidan tarihi mai ajiye kayan yumɓu na mutanen Sao. Ka nuna wa mai tukwane wata randa, ka ce mata, "Baba, irin wannan nake so." Kallo ɗaya za ta yi mata, ta shiga cikin kayanta ta ɗauko maka 'yar'uwarta. Abu biyu ta yi a nan: ta riƙe siffar randar a kanta, ta kuma gane abin da "irinta" ke nufi, ko da yau ta fara ganin randar.

Na biyun ne ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Dabba ma ta san wannan, ko hadda kawai take yi?

Wata masaniya a Mosko, Nadezhda Ladygina-Kohts, ta riƙe wani ɗan biri nau'in cimpanzi mai suna Joni daga 1913 zuwa 1916. Takan nuna masa abu mai wani launi, shi kuma ya zaɓo irinsa a cikin tarin wasu. Yana yi daidai. Sai dai an riga an sha kunya a kan dokin nan Hans na Balin, wanda aka ce yana lissafi, har Oskar Pfungst ya nuna a 1907 cewa motsin jikin mai tambaya yake karantawa. Wa zai rantse Joni ba hannun uwargijiyarsa yake bi ba?

Don haka aka cire mutum daga tsakani. Aka sa tantabara a akwati mai maɓallai uku masu haske: na tsakiya ya nuna samfuri, na gefe biyu su ba da zaɓi, in ta caki mai kama da samfurin ta sami hatsi. A 1959 Donald Blough ya riƙa kashe samfurin, ya sa ta jira 'yan daƙiƙu. Wannan wurin yana burge ni ƙwarai: wasu tantabarun suka ƙirƙiro wa kowane samfuri motsinsa, suna ta maimaitawa har zaɓi ya bayyana, kamar yaron da aka aika kasuwa yana tafe yana nanata saƙo.

Amma da aka kawo sabon launi, tantabarun da suka ƙware a kan launuka biyu ko uku sukan rikice. Mutane da yawa suka ce magana ta ƙare, hadda ce.

Sun yi gaggawa. A 1988 Anthony Wright da abokan aikinsa suka horar da tantabaru da hotuna 152. Da aka nuna musu hotunan da ba su taɓa gani ba, suka zaɓi daidai. Ashe koyarwar ce ta yi ƙaranci. Wanda aka ba abu biyu kacal ba ya bukatar ƙa'ida, hadda ta ishe shi; sai abubuwa sun yi masa yawa yake neman abin da ya haɗa su.

Sai ga ƙudan zuma. A 2001 Martin Giurfa da abokansa suka buga bincikensu a mujallar Nature. Ƙudan yakan ga shuɗi ko rawaya a bakin wata 'yar hanya mai rassa biyu, in ya bi reshen da ke da launi irin na ƙofa ya tarar da ruwan sukari. Aka sauya launuka da zanen layuka baƙi da fari, a tsaye ko a kwance, ya bi irin na ƙofa. Waɗanda aka horar da ƙamshin lemon tsami da na mangwaro, da aka jarraba su da launi, su ma suka bi daidai, da ƙwaƙwalwar da ƙwayoyinta ba su kai miliyan ɗaya ba.