Uli: Titin Motar da Ya Riƙe Yaƙin Basasa

Duk wanda ya saba bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi ya san irin miƙaƙƙen titin nan da direba ke sakar wa mota linzami a kai. To, irinsa ne a garin Uli, tsakanin Anaca da Owerri, ya ja yaƙin basasar Nijeriya fiye da shekara ɗaya da rabi bayan manyan hafsoshi a Legas sun ɗauka magana ta ƙare.

Mazan jiyan yankin Dutsin-Ma da Kurfi "yaƙin Ojukwu" suke ce masa. Da yawansu samari ne 'yan lardin Katsina da suka bar garma a 1967 da 1968, aka yi musu horon gaggawa a Zariya, aka tura su kudu. A lokacin ne rundunar sojan Nijeriya ta kumbura daga mutum wajen dubu goma zuwa kusan dubu ɗari biyu da hamsin, kuma daga 1968 ɗan Sarkin Katsina, Hassan Usman Katsina, shi ne shugaban hafsoshin sojan ƙasa.

Inugu ta faɗi a Oktoban 1967, Fatakwal ta bi baya a Mayun 1968. Biyafara ta rasa teku, ta rasa manyan filayen jirginta. Sai injiniyoyinta suka faɗaɗa wani yanki na kwalta mai tsawon kilomita biyu da ɗoriya, suka laƙaba masa sunan sirri, Annabelle. Da rana a lulluɓe shi da ganyen kwakwar manja. Da dare jirage su taso daga tsibirin Sao Tome, daga Fernando Po, daga Kwatano da Librebil, su zo cikin duhu ba fitila. Sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa ake kunna wutar gefen titi na 'yan daƙiƙoƙi, a sake kashewa. Ƙungiyar coci-coci ta Joint Church Aid kaɗai ta yi sawu fiye da dubu biyar, ɗauke da busasshen kifi, madarar gari, gishiri da magani. A cikin wannan duhun ne kuma jiragen makamai ke sulalowa, shi ya sa gwamnatin Gowon ba ta taɓa yarda cewa Uli filin agaji ne zalla ba.

Me ya hana a rushe shi daga sama? Ba rashin jirage ba ne. Tun Agustan 1967 jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet suka sauka a Kano, ga L-29 na Cekoslobakiya, daga baya ga masu jefa bom samfurin Il-28. Abin mamakin ma shi ne Mosko mai kwaminisanci da Landan mai sarauniya gefe ɗaya suka tsaya.   Kowa da lissafinsa.

Matsalar ita ce MiG ɗin jirgin rana ne, kuma matuƙan Masar da aka ɗauko ba su son tashin dare. Abin da ya rage shi ne wani tsohon jirgin dakon kaya da aka mayar mai jefa bom, yana shawagi a saman Uli yana jiran a kunna wuta. Ya yi ɓarna, ya kashe mutane, amma ramin da bom ya haƙa a kwalta kafin gari ya waye an cike shi. Ranar 5 ga Yunin 1969 wani MiG ya harbo jirgin Red Cross samfurin DC-7. Red Cross ta dakatar da jigilarta, coci-coci suka ci gaba.

Saboda haka aiki ya koma kan mai bindiga a ƙasa. Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammad, inda Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi yaƙi, ta kama Anaca a Maris ɗin 1968 bayan asara mai yawa a ƙetaren Kwara, amma ta kasa gangarowa kudu. A Satumba sojojin Benjamin Adekunle suka shiga Oguta, inda saura ƙiris igwa ta iya kai wa Uli, aka fatattako su cikin 'yan kwanaki. Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa ta ƙwace filin Obilagu, sannan Umuahia a Afrilun 1969. A wannan watan ne kuma Biyafara ta sake karɓe Owerri, Uli ya ƙara samun sarari.

Sai da Obasanjo ya karɓi Runduna ta Uku daga hannun Adekunle, ya gyara ta, ya sake kama Owerri a farkon Janairun 1970, sannan igwa ta fara sauka a kan titin. Daga nan Ojukwu ya hau jirgi cikin dare zuwa Kwaddibuwa. Ranar 12 ga wata mataimakinsa Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai ta rediyo, ranar 15 aka kammala miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Yau a Uli akwai harabar jami'ar Jihar Anambara, wadda ke ɗauke da sunan Ojukwu.