Daular Wani, Gumin Wani

'Yan'uwana mata, duk wadda ta ga hoton jirgin ƙasan nan Blue Train na Afirka ta Kudu, wallahi sai ranta ya biya. Asalinsa tun 1923 ne, yana kwasar attajirai daga Johannesburg zuwa Cape Town, su hau jirgin ruwa sai Ingila. Yau 'yan yawon shaƙatawa ke hawansa, su kurɓi giyar inabi, su zarce kallon namun daji a gandun Kruger.

Ni dai tambayata, gumin wa ake ci? Bayi ne suka noma inabin nan har aka soke bauta a 1834. Mutanen Makuleke kuwa, da ƙarfin tsiya aka tashe su a 1969 don faɗaɗa gandun, sai 1998 aka mayar musu da ƙasarsu. Allah Ya raba mu da daular da aka gina kan hawayen talaka, amin.